Allurar ɗiyata da aka raba kamar naman layya

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce daga Damargu, ban iya rubutu ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami, kuma na ce mata kada ta sassauta mini magana ko ta ji na yi zafi. Lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciyata, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina aure a wani ƙauye na wajen Ollelewa, gidan manoman gero da gyaɗa. An san ni da kunya, har misali ake yi da ni. Ɗiyata ta fari tun da aka yaye ta take ɗakin uwar mijina. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. In ta faɗi a gabana sai in kau da kai wani ya tashe ta. Haka aka koya mana a kan ɗan fari, kuma in an yabe ni har wani daɗi nake ji.

Wata damina, tana wajen shekara shida, ana suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida, ta sheƙo da gudu ta yi tuntuɓe da murhu, tafasasshen man gyaɗa ya kwarara mata a ƙwauri. Aka shafa abin da aka saba shafawa, ciwo ya ƙi, ya fara ruwa da wari. Maza duk suna gona, sai uwar mijina ta ɗora ta a jaki zuwa gidan likita, ni kuma na bi su a baya da ƙwaryar guzuri, kamar mai ɗaukar kaya. Manjo, wato babban mai allura na wurin, ya wanke ciwon ya fara yi mata fanisilin. A zamanin nan fanisilin ba ta da na biyu a idonmu, mun ɗauka ko gawa aka soka wa sai ta yi atishawa. Ya so mu zauna har a gama, uwar mijina ta ce an bar gida ba kowa ga aiki ya yi yawa. Da ya ji a ƙauyenmu akwai tsohon soja da ya koyi allura a bariki, sai ya ƙulle mana sauran kwalaben a tsumma. Ya yi ta nanatawa cewa na yarinyar ne ita kaɗai, a yi mata har kwalbar ƙarshe ko da ciwon ya bushe. Da uwar mijina yake magana, amma ni yake kallo, don ya gane wace ce uwar.

Muka koma gida, tsohon soja ya ci gaba da allura, ciwo ya fara ɓawo, yarinya ta tashi tana ɗingishi tana wasa. Nan fa labari ya bazu cewa fanisilin ta shigo gidanmu. A wurinmu abin da ya shigo gida ba na mutum ɗaya ba ne, wanda ya ci shi kaɗai shi ne marowaci. Masu zuwa dubiya suka fara tuna cututtukansu. Uban mijina ya ce tari ya dame shi, aka fasa masa kwalba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya zo yana dafe da gwiwa, aka ce ba a mayar da babba hannu rabbana. Wata gwaggo ta ce ita dai jikinta ba ƙwari, a ɗan soka mata ko ta ji dama. Ku ji fa! Maganin ƙunar yarinya ƙarama aka mayar abin fita kunyar baƙi. Tarin uban mijina kuwa na taba ne, tsohon ya ci gaba da abinsa shekara da shekaru, yana tari yana cusa tabarsa a baki. Ina bayan zana ina daka, ina jin duk kwalbar da aka buɗe, na ci gaba da dakana.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tare mijina a bakin rumbu, na tuna masa abin da manjo ya ce. Shi ma kunyar ɗan fari ta ɗaure shi kamar ni. Ya ce in rufa masa asiri, so nake a ce ya hana ubansa magani saboda ƴar da ya haifa? Ya ce ai ciwo ya bushe, kuma in mata suka ji na yi wannan magana sai sun saka ni a waƙar daka. Wallahi abin da ya rufe mini baki ke nan, tsoron waƙar daka. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kwalabe suka ƙare, ba a jima ba ɓawon ya tashi, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Aka samu motar ƴan kasuwa ta kai mu babban asibiti a birni, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ɗakin masu miki cike yake, wasu a gado wasu a tabarma. Kwano ɗaya da almakashi ɗaya ake bi da su daga wannan miki zuwa wancan, a ɗan ɗauraye a wuce gaba, ruwan ma auna shi ake. Ni da ban yi boko ba na lura cewa kowa da irin ciwon da ya zo da shi, amma bayan kwanaki duk warinsu ya koma ɗaya, mugunyarsu iri ɗaya. Aka yi ta yi mata fanisilin, kamar ana zuba ruwa a rairayi. Daga ƙarshe lokotoro, wato babban likita, ya sa tafinta ya gaya mana cewa ƙwayar cutar da ke ƙafar ba ta jin wannan allura, kuma irinta ta yi gida a ɗakin nan, mutane da yawa a nan suka same ta. Akwai wani maganin, amma yana can nesa, ƙafar kuma ba za ta jira ba. In ba a yanke ba, rai zai tafi.

Da suka zo ɗaukarta ta riƙe zanen kakarta tana ihu. Ban san lokacin da sunanta ya fito daga bakina ba, da ƙarfi, a gaban uwar mijina da kowa. Yarinyar ta yi tsit, ta waiwaya tana dube-dube, tana neman wanda ya kira ta. Ta kalli mai shara, ta kalli matar gadon kusa, ba ta kalle ni ba, don ba ta taɓa jin sunanta da muryata ba. Aka wuce da ita, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da muka dawo gida, waɗanda suka shanye mata allura su ne suka fara zuwa jaje, suna cewa haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta kwance tsumman nan ba, hannun mutane ne.

Jikar nan tawa mai rubutu ɗiyarta ce, kuma aikin asibiti take yi. Ita ta fahimtar da ni cewa in an fara magani aka bari a tsakiya, ko aka soka wa wanda ba ya buƙata, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su saura. Su kuma su gadar wa ƴaƴansu wannan taurin, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba, kamar yadda muke miƙa wa maƙwabta garwashi ta kan danga. Asibiti kuwa nan ne mahaɗarsu. Ta ce ba za ta iya rantsewa ko a gidanmu aka raini ƙwayar ko a ɗakin nan ta same ta ba, amma da an gama allurar a gida, da wataƙila ba mu taka ɗakin ba sam. Ta ce abin ya fi da muni yanzu, ga magani a kan tire a kowace kasuwa.

To jama'a, ku raba tuwo, ku raba naman layya, amma kada ku raba maganin da likita ya ba mutum ɗaya, kuma kada ku daina magani don kun ga ciwo ya bushe. Masu aikin asibiti, ku ji tsoron Allah ku wanke hannu da kayan aiki tsakanin miki da miki. Ku kuma iyaye mata, kunya ado ce, ban musa ba, amma in ta kai ga lafiyar ɗanki ki buɗe baki, a saka ki a waƙar daka ɗin, waƙa ba ta yanke ƙafa. Ɗiyata tana nan da ranta, ita ma ta yi furfura. Yanzu kullum sai na kira sunanta, da dalili ko ba dalili, ta amsa daga ɗaki, sannan in ji ƙarar sandarta tana tahowa.