Jan layin da ke bisa kan Attaher

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bashiru, kuma har yau ban yafe ba. Na faɗa tun farko don mai shirin yi mini wa'azi ya huta.

Bashiru apranti ne, wato yaron mota, a motar Attaher, mai kai masu haƙar zinariya arewa. In ya dawo Agadas ba ya da aiki sai karanta labaran zane na Koriya a portabul, wayarsa ta hannu, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Shi ya koya mini tsarinsu: wani raggo ƙarfinsa ke hawa mataki-mataki kamar a wasan bidiyo, kowane dodo kuma da jan layi bisa kansa. Ranar da layin ya ƙare, dodo ya mutu.

Wata rana ya zana maigidansa a bangon gidanmu, da ƙaho da tumbi da rawani, ga jan layi cike taf. Unguwa ta sha dariya. Attaher ma ya tsaya aka ɗauke shi hoto.

A tafiyar ƙarshe mota ta kafe cikin rairayi. Bashiru ya sauka ya tura farantin ƙarfe ƙarƙashin taya don ta samu abin kamawa. Attaher ya hango ƙurar wata mota, ya ɗauka 'yan fashi ne, taya na kamawa ya taka wuta, ya bar Bashiru a nan, ƙishi ya kashe shi. Ko bidon ɗin ruwa, jarka guda, bai jefo masa ba, abin da shofer yake yi wa baƙon da bai sani ba.

Yau yaran unguwa duk sun san labaran zanen nan. Da Bashiru na nan da ya cika su da surutu. Ban san me zai ce da ni ba, shi da ba ya riƙo. Ni ina yi.

Duk bayan damina muna sabunta yaɓen gida. Nakan hana magini taɓa zanen. Ni ke ɗibar laka da hannuna in rufe ɗan yanki na jan layin.

Attaher ya zama Alhaji, kuma ta ƙofarmu yake bi zuwa masallaci. Bara ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, don Allah ki shafe abin nan. Ƙaddara ce."

Na ce, "Ba a shafe dodo, Alhaji. Jira ake yi layinsa ya ƙare."

Abin da Bashiru ya bar mini ke nan. Bana ma na yi yaɓe, layin bai fi faɗin tafin hannu ba. Jiya na ga Alhaji ya tsaya yana auna shi da ido.