Ranar da Aka Kwashe Gonar Baba a Tifa

Akwai abubuwan da shekaru ke goge wa mutum, har ya riƙa tambayar kansa ko da gaske sun faru. Wannan ba ya cikinsu. Yanzu furfura ta cika mini kai, idona ma ya daina ganin kafar allura, amma safiyar Asabar ɗin da aka kwashe shuke-shuken mahaifina aka zuba a tifa tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

Zamanin mulkin soja ne, shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ina sana'ar ɗinki a Ikara, muna zaune a gidan haya ni da matata. Sabulu sai an bi layi, takin zamani kuwa sai dai a ji labarinsa. Ɗinki ya ja baya, domin mutane sun daina yankan sabon yadi, faci kawai ake kawo mini.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye ta wajen Paki. Tun da mahaifiyarmu ta rasu shi kaɗai yake zaune, gona ce matarsa, ita ce abokiyar hirarsa. A kakar wata shekara ya faɗi yana cikin yankan dawa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Bayan an sallame shi daga asibiti na kawo shi wurina.

Sai ga mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a ɗaki ba, kullum yana kwance a tabarma a bakin ƙofa, ya juya wa tsakar gida baya. Matata ta yi tuwo ta yi miya, ya ɗan taɓa ya ture. Faston cocinmu ya zo ya yi masa addu'a. Mai gidan da muke haya, wani dattijo malami, kullum in ya dawo daga sallar la'asar sai ya zauna kusa da shi ya yi ta jansa da zancen damina da farashin hatsi. Baba sai dai ya gyaɗa kai. Wata rana ina gyara masa matashi ya ce mini, “Me ka ɗauko ni in yi a nan? Dubi turmin can. Shi ko ba komai ana daka a cikinsa.”

Na ƙarasa gyara matashin, na koma kan ɗinkina.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata mata 'yar kudancin Kaduna. An rage ma'aikata a wurin aikin mijinta, ya tafi neman abin yi a Kano, ita kuma tana toya ƙosai a bakin tasha tana riƙe da 'ya'yansu. Tsadar kayan miya ta sa ta shuka attaruhu a wani tsohon daro da ya ɓule. Da farko ya yi kyau, daga baya ganyen ya koma ruwan ɗorawa, furen yana zubewa. Ranar nan ta gaji, ta jawo daron ƙiii a ƙasa za ta kai shi bola. Ƙarar ce ta sa Baba ya waiwayo.

“Kawo,” in ji shi.

Ba ta gane ba, sai ta dube ni. Na ce, “Cewa ya yi ki kawo masa.”

Ta jawo daron har gaban tabarmarsa, ta durƙusa. “Baba, ya mutu ai. Taki yake so, ni kuwa ina zan ga taki a wannan zamani?”

Baba ya sa hannunsa na hagu ya tona ƙasar, ya murza ta, ya kai hanci. Ya daɗe yana kallon shukar. Sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, “Bai mutu ba, 'yata. Ya cinye abin da ke cikin daron ne. A gona saiwa tana tafiya neman abinci. A nan ina za ta je? Sai an kai mata.”

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon wannan tun kafin ya faɗi.

Ya sa aka je garken awakin mai gida, ya ce kada a ɗebo na sama, a tono na ƙasa wanda ya daɗe ya yi baƙi. Aka kawo toka daga murhun ƙosanta. Da wani tsohon cokali ya kankare ƙasar saman daron, wadda ta bushe ta yi tauri, kamar zurfin gaɓar yatsa, yana lallaɓawa don kada ya yanke saiwa. Ya marmasa takin da hannu ɗaya, ya gauraya da 'yar toka kaɗan, ya zuba a kewaye, ya bar fili tsakanin takin da gindin shukar. “Kar ya taɓa wuyanta,” ya ce, “ƙona ta zai yi.” Ya rufe da ƙasa sama-sama, ya ce ta yayyafa ruwa in rana ta yi sanyi. Aikin da mai hannu biyu zai gama kafin ruwa ya tafasa, shi sai da ya kai har azahar yana yi. Gumi ya jiƙa masa riga. A ranar ya cinye tuwonsa tas, har ya tambaya ko akwai saura.

Ba a daɗe ba attaruhun ya fito da sabon ganye kore shar. Labari ya zaga gidan, ya tsallaka maƙwabta. Mata suka fara zuwa da nasu: wannan tumatir a fasasshen tulu, waccan alayyahu a tsohuwar garwa, wata yakuwa a bokitin da gindinsa ya cinye. Wasu ma ba su da shuka, kwanon kawai suke kawowa su ce Baba ya shuka musu. Matan kulle suna aiko da nasu daga cikin gida. Kafin a ankara bangon tsakar gidanmu ya cika da jerin tukwane da gwangwanaye, kowanne Baba ya san mai shi.

Ya sa na samo masa rabin duro muka ajiye a lungu. A ciki yake tara kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu. Lokaci-lokaci sai ya ce in juya masa, in ɗebo a hannu in kawo ya sansana. In da sauran wari ya ce a mayar. In ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, sai ya ce ya nuna. Wata ta taɓa zuba ɗanyen kashin kaji a tumatirinta ya ƙone, Baba ya yi mata faɗa kamar 'yar cikinsa, tana dariya tana ba shi haƙuri. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don mutumin da ke da ƙarfin yin faɗa ya dawo cikin masu rai.

Da safe sai ya ja jiki da gindi daga wannan tukunya zuwa waccan, cokalinsa a aljihu. Mai gida ya riƙa tsokanarsa yana kiransa sarkin noma. “Sarkin noma, yaya gona?” Baba ya ce, “Gona ta gode, Malam.” Har ya fara zancen in damina ta faɗi zai sa a kai shi ƙauye ya duba yadda ɗan ƙanensa ke riƙe masa gonar gaske.

A wancan lokacin akwai Asabar ɗin da aka ware don tsabtace gari. Ba fita, ba buɗe shago, kowa ya kama tsintsiya. Mu ba mu taɓa damuwa da ita ba, domin gidanmu a share yake. To, wannan karon sai aka turo wasu duba-gari baƙi, da soja a tare da su, da tifa tana bin su a baya. Zafin bazara ya fara, attaruhun daron nan ya yi ja, tumatir ya fara nuna.

Suka shigo ba sallama. Duba-garin, wani saurayi mai sanyin murya, ya tsaya yana kallon jerin tukwanen. Na lura sun ba shi sha'awa. Amma sojan da ke bayansa ya riga ya hango rabin duron. Ya sa bakin takalmi ya ɗaga buhun.

“Wane ne yake tara kashi a cikin gida?”

Na matso na ce, “Ranka ya daɗe, taki ne. Na shukar nan ne.”

“Waɗannan gwangwanayen fa? Ba a ce a kwashe duk abin da ke tara ruwa yana kawo sauro ba?”

Mai ƙosai ta ce, “Oga, duk a huje suke, ba sa riƙe ruwa. Ɗaga ka gani. Abincin 'ya'yanmu ne.”

Duba-garin ya buɗe baki kamar zai goyi bayanta, sojan ya harare shi, ya fasa. Mai gida ya fito da carbinsa a hannu yana ba da haƙuri, yana cewa shi ne mai gidan, shi ya yarda a yi. Ba wanda ya saurare shi. Sojan ya ce a kwashe komai, yanzu.

Sai na ji motsi a bayana. Baba ne ya jawo jiki daga tabarma har tsakiyar gidan, ya rungume daron attaruhun da hannunsa mai lafiya. Yana ta magana, yana son ya yi bayani, amma tashin hankali ya ƙara karkatar masa da baki, ko ni ban gane abin da yake faɗa ba. Yawu yana zubo masa a haɓa. Sojan ya ce, “Wannan tsohon a buge yake ne?”

Nan ne raina ya ɓaci. Na ce, “Mahaifina ne. Ba shi da lafiya. Bai taɓa shan komai ba.” Wataƙila na ɗaga murya, ban sani ba. Abin da na sani, dorina ta sauka a bayana, aka ce in kama kunne in yi tsallen kwaɗo daga bakin rijiya zuwa zaure, in dawo, in koma. Ina da aure, ga matata tsaye, ga matan gida, ga yara suna leƙe. Na yi ta yi har cinyoyina suka daina ɗaukata, na kife. Duk lokacin da na juyo ta wajen rijiya sai idona ya faɗa cikin na Baba. Ya daina magana. A hankali na ga ya zare hannunsa daga daron, ya tura shi gaba da kansa.

Ni aka sa na kwashe tukwanen. Ɗaya bayan ɗaya na miƙa wa masu tifa, suna jefawa a kan shara. Tulunan suka farfashe, jan attaruhu ya watse a cikin bola. Mai ƙosai ta toshe baki da gyale tana kuka. Da za su fita, duba-garin ya ɗan tsaya kusa da Baba, ya ce ƙasa-ƙasa, “Baba, ka yi haƙuri,” ya bi su da sauri.

Bayan sun tafi gidan ya yi tsit. A gindin bango sai zagaye-zagayen danshi inda tukwanen suka zauna. Muka ɗauki Baba muka mayar da shi tabarma. Ya kama hannuna ya ce, “Ni na ja maka.”

Na ce, “Haba Baba, wane irin zance ne wannan? Ai ba komai ba ne, gobe ma na warke.”

Ya girgiza kai. “Da girmanka. A gaban matarka. Saboda wasan tsoho.”

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Bayan kwana kaɗan mai ƙosai ta samo wani kwano, ta cika da ƙasa, ta dasa tumatir, ta kawo gabansa ta durƙusa. “Baba, ga shi. A ɗakina zan riƙa ɓoye shi ranar shara, ba wanda zai gani.” Bai ko kalli kwanon ba. Ya ce, “Ɗauke, 'yata. Ba za a sake dukan ɗana saboda ni ba.” Mai gida ya zo ya ce zai ba shi wuri a bayan garke, inda ba mai shiga. Ya yi godiya, ya ce a bar shi. Na rantse masa cewa ko kullum za a sa ni tsallen kwaɗo na yarda, in dai zai ci gaba. Ya yi murmushi da rabin bakinsa, irin wanda ake yi wa yaro in ya faɗi abin da ba zai yiwu ba.

Abinci ya koma sai an yi da gaske. Da hadari ya fara haɗuwa ya ce in mayar da shi gida. Na ɗauki shatar mota na kai shi ƙauye, wurin ƙanwata da ke aure a can. Duk ƙarshen mako nakan hau keke in je in duba shi, kowane zuwa in tarar ya ƙara ramewa. Zuwana na ƙarshe an yi ruwa da safe, mutane duk sun fita shuka, garin ba kowa. Na zauna a gefensa na daɗe, ban ma tabbata ya san na zo ba. Da na miƙe zan tafi sai ya buɗe ido, ya miƙo hannun hagu ya dafa gwiwata.

“Ƙafafun sun warke?”

“Sun warke tuntuni, Baba.”

“To, madalla,” ya ce, ya rufe ido.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kafin mako ya zagayo aka aiko mini.

Na daɗe ina jin zafin sojan nan, amma yanzu da na kai shekarun Baba na daina neman wanda zan tsana. Abin da ya zauna mini shi ne darasin. Tuwo da magani ba su isa su riƙe mutum a duniya ba, sai ya san akwai wanda zai tashi da safe yana bukatarsa. Duk wanda yake da tsoho ko majinyaci a gida, ya nema masa abin da za a riƙa zuwa wurinsa dominsa, komai ƙanƙantarsa, ya kuma tsare masa shi. Wanda kuma Allah ya ba iko, ko na rana ɗaya ne, ya tsaya ya saurara kafin ya ce a kwashe. Bayanin da aka hana Baba ya yi a safiyar nan bai fi numfashi kaɗan ba, amma da an jira ya gama, da wataƙila ya ga kakar da ta biyo bayan wannan daminar.