Katakon da Baffa Ya Sassaƙa Sau Biyu

Ni tela ne, kuma ɗan ƙwallo ne. Idan na faɗi na biyun, sai mutum ya saci kallon ƙafafuna ya yi min murmushin tausayin nan da na tsana. Shan inna ne ya kama su tun ina ɗan shekara uku. To, ƙwallonmu a zaune muke yin ta, a kan katako mai taya huɗu, da silifas a tafin hannu. Da hannu muke tura ƙasa, da hannu muke dukan ƙwallo. Wanda bai taɓa ganin gudunmu ba, don Allah ya yi shiru.

Ƙauyenmu yana tsakanin Makoda da Ɗambatta, gona jikin gona, gida jikin gida, kuma duk inda ka ɗora taya sai ta nutse a rairayi. Saboda haka duk ranar Alhamis ɗan acaɓa ke ɗaukata, katakona a kan cinya, zuwa wani tsohon gidan mai da ke bakin titi, wanda aka daɗe da daina sayar da mai a cikinsa. Daɓensa na siminti ne, duk ya tsattsage, amma shi ne filinmu. Ni a baya nake tsaro.

A daminar da nake ba da labari, gero ya fara fitar da kai, aka ce za mu je Kano gasa. Ban taɓa buga ƙwallo a wajen daɓen nan ba. Kocinmu, wani tsohon malamin firamare mai usur a wuya, ya tara mu bayan atisaye ya ce bas ɗin ba zai ɗauki kowa da kowa ba. Sannan ya nuna ni da baki.

"Tela, hannunka akwai ƙarfi, ban musa ba. Amma kana juyawa kamar tirela. In kuma ka ce baya-baya za ka yi, sai mu gan ka a kwance kana kallon sama. Alhamis mai zuwa in ka sake faɗuwa, a gida za ka ji labarin Kano."

A gaban kowa ya faɗa. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma wallahi raina ƙuna yake, don na san gaskiya ya faɗa, kuma na san ba laifina ba ne.

Laifin katakon ne. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ya sassaƙa min shi shekarun baya. Masassaƙi ne na gaske: turmi, ƙotar fartanya, kujerar tsakar gida, amma allon karatu ya fi yi. Haka kuwa ya yi min katakona, kamar allo: gaba siriri da ɗan kai a ɗage, baya faffaɗa mai kusurwa, a kwance dab da ƙasa. In gaba na nufa, lafiya lau. In ɗan wasa ya wuce ni, ko dai in yi doguwar kwana, kafin in gama ya riga ya ci, ko in tura da baya, bakin katakon ya caki tsagar siminti ya watsar da ni.

Na daɗe da sanin maganin abin, ƙiwa ce ta hana ni. Wata rana na kai wa yayata ɗinki a unguwar Rijiyar Zaki a Kano, na ga ɗaliban jami'a suna wasa a sabon titi da wani katako mai taya, a tsaye suke hawa. Ɗaya ya tafi gaba, ya tsaya, ya dawo yadda ya je ba tare da ya juya katakon ba. Na kira shi na ce ya ba ni in gani. Na jujjuya shi a hannu. Bakinsa biyu iri ɗaya ne sak, kowanne a zagaye, kowanne a ɗan ɗage, tayoyin kuma nisansu ɗaya daga tsakiya. Na zaro tef ɗina na awo na auna, ɗalibin yana ta min dariya.

Ranar Juma'a bayan masallaci na sami takardar buhun siminti, na ninka ta biyu, na sake ninkawa, na sa almakashi na yanke kamar ina fitar da wuyan riga. Da na buɗe, kowane ɓangare ya fito daidai da ɗan'uwansa. Na naɗe ta na rarrafa zuwa zauren Baffa.

Ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Ina gabansa?"

"Babu, Baffa."

"Bayansa fa?"

"Shi ma babu. Ko'ina gaba ne."

"Ikon Allah! To kai ina ka dosa?" Ya gyara zama. "Ɗan nan, shekara nawa ina riƙe da gizago? Allo yana da kai. Turmi yana da baki da gindi. Icen kansa a daji yana da sama yana da ƙasa. Komai aka sassaƙa sai an san inda ya fuskanta."

"Taɓarya fa, Baffa?"

Ya harare ni. "Taɓarya hawanta ake yi?"

Duk da haka ya tashi ya jawo wani ɓangaren aduwa busasshe daga bayan ƙofa, wanda ya daɗe yana ajiyarsa, ya ce shi kaɗai ya rage masa mai wannan faɗin. Ya ce in dawo Litinin. Na bar masa takardar, na roƙe shi ya bi ta layi-layi. Ya ce, "Na ji," irin na-jin nan na manya.

Litinin da la'asar na koma. Katakon yana jingine da bango, ya sha goga, sai sheƙi yake. Bakinsa guda ya fito daidai da takardata. Ɗaya bakin kuwa an tsuke shi, an fitar masa da ɗan kai. Kuma tunda yanzu ya sami gaba, Baffa ya ɗage gaban kaɗai ya bar bayan a kwance.

"Na ɗan gyara maka," in ji shi, yana murmushi. "Don ka riƙa sanin gabanka."

Jama'a, idona ya rufe. Kwana uku suka rage, ice kuma babu wani. Na ji muryata ta tashi a zauren da ban taɓa ɗaga murya a cikinsa ba.

"Haba Baffa! Haba don Allah! Ni na ce a gyara min? Kai ka taɓa zama a kansa? Ka taɓa faɗuwa da ƙeya a kan siminti mutane suna maka dariya? Kai da ƙafarka kake juyawa, ni da me zan juya?"

Ya ɗauki gizagonsa ya ci gaba da feƙe wata ƙota. Na fita na bar katakon a nan.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, don katangarmu ɗaya. Umma, mahaifiyata, ta tare ni a tsakar gida da muciya a hannu. Ta ce ko mahaifina da yake yayansa bai taɓa yi wa Baffa tsawa ba har ya koma ga Allah, sai ni. Ta ce gobe da sassafe in je in ba shi haƙuri, in kuwa ban je ba kada in ƙara kiran ta Umma. Na ce to. Kunya ta kama ni, amma haushin bai sauka ba, tare suka kwana a cikina.

Da gari ya waye na nufi zauren, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri. Tun daga waje na ji ƙarar tayoyin boris a kan daɓe. Na leƙa.

Baffa ne zaune a kan sabon katakon. Ya ɗaura masa wasu tsofaffin tayoyi, ya tattare rigarsa ya cusa a tsakanin cinyoyi, ya naɗe ƙafafu, dattijo mai furfura har gemu. Ya tura gaba, ya tafi sumul. Ya dafa ƙasa ya tura baya. Bakin katakon ya sami inda daɓen ya fashe, sai ji na yi tim! Ƙafafu a sama, hula ta gangara har bakin ƙofa inda nake.

Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce min, har na ji ɗanɗanon jini. Na ɗauki hular na kakkaɓe na miƙa masa da hannu biyu.

"Baffa, ina kwana. Na zo ne in..."

"Ina takardar nan taka?" Yana shafa ƙeya. "Wannan faɗuwa ta uku ke nan. Ashe haka kake sha?"

Nan haushina ya mutu. Na ba shi haƙurin duk da haka, ya ɗaga min hannu ya ce aiki ne a gabanmu.

Ba a mayar da icen da aka sare. Dabarar da ta rage ita ce a datse kan nan, a tsuke ɗaya bakin ya yi daidai da shi. Katakon zai ragu da kusan tafin hannu guda. Na sake ninka wata takarda na yanke ƙarama. Wannan karon Baffa da kansa ya danne ta da duwatsu, ya bi gefenta da gawayi, ya juya ta ya sake bi don ya tabbata. Ya feƙe ƙarƙashin bakin biyu har kowanne ya ɗaga daidai kaurin yatsa biyu. Sannan ya yi abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ya kwantar da taɓarya a ƙasa, ya gitta katakon a kanta daidai tsakiya. Ɓangare ɗaya ya rinjaya. Ya ɗauke ya ɗan karce, ya mayar. Ya sake rinjaya kaɗan. Haka ya yi ta yi, har katakon ya tsaya cak, ba ya karkata ko'ina. Wurin tayoyi kuwa da zare muka fitar, muka ninka shi biyu muka auna daga tsakiya.

Da muka gama ya ɗauki wuƙa, ya ce bari ya yi min ɗan tsaga a baki ɗaya, alama kawai.

"Baffa!"

Ya fashe da dariya ya ajiye wuƙar. "Gwada ka nake, mai baƙar zuciya."

Ranar Alhamis an yi yayyafi da safe, daɓen ya bushe amma tsagoginsa sun cika da laka. Da na hau, sai na ji katakon ya min kaɗan, kamar na ari takalmin wani. Koci ya raba mu gida biyu, kuma da gangan ya haɗa ni da wanda ya fi kowa gudu, wani mai gyaran waya daga cikin Ɗambatta, mai baki kamar reza.

"Tela, yau ma za ka kwanta mana? In kawo maka filo?"

"Kawo wa kanka," na ce. "Za ka buƙata."

Aka busa usur. Ba a jima ba ƙwallo ta zo hannunsa. Ya taho kaina gadan-gadan, ya buga ta ta gefen haguna, ya bi ta dama. Jikina ya so ya yi kwanar da ya saba. Na ce a'a. Na dafa ƙasa da hannu biyu na tura baya da dukkan ƙarfina. Na san babbar tsagar nan tana bayana, wadda ta fi kowacce kayar da ni. Na ji tayoyi sun dake ta, katakon ya yi tsalle, ya sauka, ina kai. Ina kai! Ban tsaya mamaki ba. Na murɗa jikina a kan katakon yana cikin tafiya, na fuskanci inda na nufa, na ƙara tura biyu. Na riga shi isa. Na ɗauke ƙwallon da mari ɗaya, ta tashi har tsakiyar fili.

Wani daga bakin titi ya ƙwala ihu. Mai gyaran waya ya tsaya da baki buɗe.

"Kai, wa ya ba ka wannan?"

"Zo ka sake gwadawa."

Ya sake kuwa, har sau huɗu. Sau ɗaya ya wuce ni, ba zan yi ƙarya ba, amma ban faɗi ba ko sau ɗaya. A na ƙarshe shi ne ya yi kwana da sauri ya kife, na wuce ta gefensa ina tambayarsa ina filon. Silifas ɗina guda ya tsinke, tafin hannuna ya saluɓe, ban ma sani ba sai da aka tashi.

Koci ya tara mu a inuwar rumfar gidan man. Ya fara nuna waɗanda za su tafi, ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mai tsaron gida, ya nuna mai gyaran waya, ya nuna wasu. Ya zo kaina ya tsaya, ya sunkuya ya ɗaga bakin katakona, ya zagaya ya ɗaga ɗayan.

"Asabar bayan sallar asuba bas zai tashi," ya ce. "Ba ya jiran kowa. Ka sayi sabon silifas."

A hanyar gida na sa ɗan acaɓa ya yi ta danna oda. Muna ratsa gonaki ina ɗaga wa masu noma hannu ina ihu, "Kano! Sai Kano!" Su ma suna ɗago fartanya suna amsawa, ba su san ma me ake ciki ba. Daɗi kamar ya kashe ni. Kafin mu iso ƙauye muryata ta dishe.

Umma tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga hannuna, ta ajiye rariya.

"Innalillahi! Faɗuwar ka sake yi?"

"Ban faɗi ba, Umma." Da ƙyar maganar ta fito. "Ranar Asabar ki tashe ni da wuri. Da ni za a je."

Ta tsaya tana kallona, gari har gwiwar hannu. Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban taɓa jin an yi domina ba. Ta sake wata. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga suna tambayar wa ya haihu.

"Ba wanda ya haihu," in ji Umma, tana share ido da gefen zani. "Ɗana ne za shi Kano buga ƙwallo."