Idon Kawu da Allurar Ranar Kasuwa

Jiya a asibiti likita ya bayyana mini yadda ciwon suga yake cin ido. Ya ce a can bayan ido akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu tsaro ne, amma suga yakan harzuƙa su har su kumbura wurin, ƙananan jijiyoyin jini su fara yoyo. Nan take na tuna da kawuna, manomin shinkafa a fadamar Haɗeja, wanda yakan ce, "Ruwan da ke cin gona ta ƙarƙashi yake ɓullowa."

A zamanin mulkin soja suga ya sa ganinsa ya dushe, saura ido ɗaya. 'Yan uwa suka kai shi kasuwar Kafin Hausa wurin wani mai cire yanar ido, ni ma na bi su. A lokacin ni akawu ne mai rajistar haihuwa da mutuwa. Har yau ina tuna tsumman da mutumin yake goge allurarsa da shi, ƙudaje na binsa, ga ƙarnin kifi ko'ina.

Na ce, "Kawu, a asibiti an gaya mana ba yana ba ce. Don Allah mu tafi."

Ya yi dariya ya ce, "Malam akawu, kai dai je ka rubuta haihuwa da mutuwa. Ni so nake in ga shinkafata ta nuna."

Aka soka allurar a idon da ya rage, 'yan kallo suna kabbara. Da kaka ta yi, idon ya riga ya mutu, da tafin hannu ya shafa zangarniyar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Shi kuwa mai allurar, Allah ya isa.