Kalmar da Namata Mai Hoto Ya Zaɓa wa Surukinsa

Shekara bakwai ke nan da aka kai kakana, Namata Mai Hoto, makwancinsa a Dogon Dutsi. Ba zan tsaya jera muku kyawawan halayensa ba, masu ta'aziyya sun yi wannan tun a lokacin, wasu har da ƙari. Mutum ne mai tsokana, mai cika wa shayi sukari, kuma ban taɓa ganin mai nawa irinsa ba. Ni kuwa da gaggawa aka haife ni. In ya ɗauko labari sai in ce, "Angona, kai ni ƙarshe, ina da aikin lakwal, gobe akwai makaranta." Shi kuma ya ce amaryar da ba ta iya zama wuri ɗaya ba, sakinta zai yi ya samo wata. Labari ɗaya ne na taɓa bari ya gama ban katse shi ba. Shi zan ba ku.

A zamanin Nasara, yana saurayi, ya ƙetara iyaka zuwa maƙwabciyarmu ta kudu, wadda muke ce wa ƙasar Ingilishi, neman sana'a. Wani Bayarabe mai hoto ya riƙe shi shekara uku, ya koya masa aikin akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Aikin ba irin na yanzu ba ne. Za ka cire murfin idon akwatin, ka ƙirga uku a zuci, ka mayar. Wanda ya motsa cikin ukun nan, fuskarsa za ta fito kamar an shafe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Saboda haka rabin sana'ar, in ji shi, ita ce sanin abin da za ka ce wa mutum ya daina motsi. Da ya dawo gida ya kafa akwatinsa a bakin hanyar kasuwa, ya taho da kalmomi huɗu na Turancin Ingilishi, ya kuma san halin kowace kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa.

Watansa biyar da auren kakata Dije, sai ga mahaifinta, Tankari, ya taso daga ƙauyensu na wajen Tibiri a kan jaki. Ba ziyara ya zo ba. Babban ɗansa Bawa ya gudu ƙasar Gwalkwas tun lokacin da gardawan Kumandan, Baturen mulki, ke kwasar samari aikin hanya na tilas. An daina kwasar, amma Bawa bai dawo ba, don wani ya kai masa labarin cewa uban ya rasu. An aika wasiƙa, ya ce dabara ce ta dangi. Ya ce in da gaske tsohon na nan, a nuna masa fuskarsa. To ga wani falke zai tashi zuwa can da kamyo, babbar motar kaya, washegari, ya yarda ya kai hoton.

Tankari ya zauna a kujera, Namata ya shiga ƙyalle. A nan ne, in ji shi, ya fara ƙare wa surukinsa kallo a rayuwa, shi ma kai ƙasa ƙafafu sama, don haka akwatin ke nuna mutum. Sai dai ranar kasuwa ce, kuma Tankari mutum ne da bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Namata na cire murfi, wani ya ce sannu da zuwa, tsoho ya juya yana tambayar mutan gida. Ɗauka ɗaya ta lalace. Ta biyu, wata mai fura ce ta durƙusa. Ita ma ta tafi. Takardar hoton daga Ingilishi take zuwa, kuma abin da ya rage a hannunsa na ɗauka ɗaya ne.

Na san abin da 'yan yanzu za su ce, don ni ma shi na ce bayan ya gama: me ya hana ka gaya masa ya tsaya? Ya dube ni kamar na zagi wani. A Arewa ta wancan lokacin, mijin ɗiya ko hanya ya hango surukinsa sai ya kauce, ya tuɓe takalmi. Ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa. Shi ne zai buɗe baki a tsakiyar kasuwa ya ce masa "kak ka motsa", kamar yana hana yaro taɓa tukunya? Kafin la'asar labarin ya kai Tibiri. Faransanci kuwa ya fi muni. Kalmar da ake cewa kada a motsa da ita, ita ce gardawa suka daka wa samarin ƙauyen ranar da Bawa ya haura danga. Tankari ya san ta, kuma ba ya son ƙara jin ta har ya mutu.

Saura Ingilishi, harshen da a garinmu ba na mai mulki ba ne, ba kuma na gida ba. Namata ya tsaya cikin ƙyalle, gumi na zuba, yana juya kalmominsa huɗu. "Holt" ta soja ce, da ita ake tare ɓarawo. Mutum zai sandare, idanu waje, kuma ba fuskar tsoro Bawa ke bukatar gani ba. "Sitof" ta direba ce da mai laifi, tana nufin abin da kake yi ba daidai ba ne, bari. Shi kuwa tsoho gaisuwa yake amsawa, wa zai ce masa laifi ne? "Don muf" hani ce tsagwaronta, ko mai ji bai gane ba, mai faɗi ya san umarni ya bayar. Sai ta huɗun, wadda ubangidansa ke faɗi a hankali in ya ga mutum ya zauna yadda ake so: "holit". Ma'anarta, riƙe haka. Yadda kake ɗin nan ya yi, kada ka sake shi.

Ya jira har tsoho ya gama da wani mai gaisuwa, sauran murmushi bai bar fuskarsa ba. Bai fito daga ƙyallen ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Holit," ya miƙa hannu ya cire murfi. Daidai nan wani dattijo mai wucewa ya yi sallama. Tankari bai amsa ba. Ɗaya, biyu, uku. Ana mayar da murfi ya tashi da sandarsa ya bi dattijon har rumfar masu goro don ya biya gaisuwar.

Da aka tambaye shi yadda aka yi ya saurari mijin ɗiyarsa, sai ya ce, "Ni? Ai ba da ni shikai ba. Da akwatinai shika magana, ni ko na yi kurum kar in shiga tsakaninsu." Kakata Dije takan yi dariya in an zo nan. Ta ce ubanta ya yi shekaru yana kai wake kasuwannin Ingilishi, ya fi Namata jin Turancin. Ya gane sarai. Ya dai ga an nemo masa kalmar da zai bi ba tare da kowa ya ji kunya ba, sai ya karɓa. Bawa ya dawo kafin damina ta biyu, da hoton a aljihun rigarsa. Hoton yana nan a ɗakin innata, gara ta ci gefe ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A kolej malaminmu na Ingilishi ya rubuta mana irin waɗannan kalmomi a allo, ya ce duk ma'anarsu ɗaya, mu haddace. Na ci jarrabawar, amma kakana da bai taɓa shiga aji ba ya fi allon nan gaskiya. Yanzu kowa na da salula, ana ɗaukar hoto ashirin a goge sha tara. Na ga ango a wajen biki ya kama kafaɗar surukinsa yana cewa, "Papa, tsaya mana." Ban ce duniya ta lalace ba, ni ma ba zan iya tuɓe takalmi don na hango mutum ba. Ina jin shi ma dariya zai yi, ya tambayi nawa ne kuɗin akwatin da ba ya cin takarda. Abin da zai ba shi haushi shi ne yadda ba wanda ke tsayawa ya zaɓi kalma kafin ya jefa ta.

Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan hoto ba shi da nasa. A shekararsa ta ƙarshe na ce sai na ɗauke shi. Ya sa hularsa, ya zauna a tabarma bai ko ƙifta ba. Na ɗauka sau uku, duka suka fito a dushe, na fara mita cewa salular ce ba ta da kyau. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Amarya, ni ban motsa ba. Ke ce." Na sake ɗagawa. Ya dubi hannuna, ya ce a hankali, "Holit."

Na riƙe. Shi ne hoton da ke saman wannan shafi, kuma ya fito tas.