Ranar da Na Wanke Kayan Aro

Ku matso kusa ku ji wata wauta da na taɓa tafkawa, wadda sai yanzu nake iya ba da labarinta.

Shekarun baya akwai wata tsohuwar kwamfuta a falona, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan. Mahaifina ne ya samo ta. Ya yi gadin wata masana'anta a nan Sharaɗa har ƙarfinsa ya ƙare, da za su sallame shi sai suka haɗa masa da ita cikin kayan da ofis ya daina amfani da su. Shi da ko rediyo sai an kamo masa tasha, sai ya ce a kai wa mai zaman gida, wato ni. Boko dai firamare na tsaya, amma a hankali ƙanena ya koya mini kunnawa da kashewa, da buɗe abu, da goge fim in na gama kallo.

Duk Juma'a Baba kan biyo ta gidana bayan masallaci. Sai ƙanena ya sayo wani ɗan abin magana ya jona wa kwamfutar, ya riƙa jansa da hira yana naɗa. Baba ya ba da labarin Sharaɗa tun tana gonaki, inda kakanmu ya noma gero, inda rijiyarsu take kafin katangar kamfani ta bi ta kai. Da Allah ya karɓi abinsa, wannan hirar ce ta rage mana. Ita nake kunnawa ina tsintar shinkafa. A nan kaɗai take, ba wanda ya yi tunanin ajiye ta wani wuri daban.

Ni ba na gane rubutun da kwamfuta ke fitarwa, amma kunnena ba ya ƙarya. Wata rana na ji kukanta ya canja, tana wani ƙas-ƙas a ciki kamar keken ɗinki in zare ya sarƙe. Ta fara ɗaukewa ana tsakar hira, in aka kunna ta kuma sai na ɗora ruwan zafi ya tafasa ba ta gama tashi ba. Na kira ƙanena, wanda ke aikin inji a wani kamfanin roba a Bompai. Ya kasa kunne, ya ce ma'ajiyar cikinta ce ke mutuwa. Zai samo wata ta hannu ya sa, ya ɗora mata sabon Windo, wato abin da ke tafiyar da ita gaba ɗaya. Amma kafin nan sai an kwashe hirar Baba an ajiye a wata ma'ajiya ta waje da suke kira istanal, shi kuma ba shi da ita.

Maƙwabciyata sakatariya ce a wani kamfanin alawa. Na yafa mayafi na shiga wurinta ina ta kame-kame, don ban ma riƙe sunan abin daidai ba. Ta yi dariya ta ɗauko wani ɗan baƙin abu kamar sabulun wanka, da wayarsa. Ta ce na ofis ne, babu komai a ciki, amma safiyar Litinin za ta koma da shi, manaja ya ce a zuba takardu.

Asabar da hantsi ƙanena ya zo. Ya kwashe komai ya zuba a istanal ɗin, ya kwance kwamfutar, ya hure ƙurar da ta isa a shuka gyaɗa, ya canja ma'ajiyar. Sau biyu aikin na tsayawa saboda an ɗauke wuta. Wajen azahar sai ga ta ta tashi, fes, babu ƙas-ƙas. Muna cikin murna aka kira shi daga kamfani, wai wanda zai karɓi aikin rana bai zo ba. Ya zura takalmi yana cewa gobe zai dawo ya ƙarasa. Ban tambaye shi me ya rage ba. Ni a ganina kwamfuta ta tashi, to an gama, kayanmu sun koma ɗakinsu.

Lahadi bai zo ba, an sake riƙe shi. La'asar ta yi, ga alkawarin Litinin.

To ni a gidanmu haka aka tashe mu: in ka ari tukunya, sai ka wanke ta har gindi kafin ka mayar, kuma ba a mayar da ita haka nan, sai da ɗan abu a ciki. Mahaifiyata ta taɓa mayar da ni daga ƙofar gidan mutane saboda ƙanzo ɗan mitsitsi. Saboda haka na goge istanal da tsumma mai tsabta, sannan na ce bari in duba cikinsa. Na jona, na buɗe, sai ga tarkacenmu a jere. Kunya ta kama ni. Baiwar Allah ta ba ni abinta babu komai, in mayar mata da shi cike da shirginmu? Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge. Har kwandon sharar da ke cikin kwamfutar na zubar, don ba a share ɗaki a bar shara a bakin ƙofa. Ina yi ina jin kaina wata 'yar boko. Na naɗe shi a hankici, na ɗora a kan kwanon cincin, na kai mata har da godiya.

Litinin da yamma ƙanena ya shigo, ko zama bai yi ba ya ce in miƙo istanal ya mayar da hirar Baba. Na ce ai na mayar wa mai shi. Ya ce ba komai, a karɓo na minti goma. Sai na ƙara da cewa, da alfaharina, na ma wanke shi tas.

"Yaya, wanke shi kamar yaya?"

Na yi masa bayani. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa, ya ɗauko tsohuwar ma'ajiyar da ya cire, ya sake jona ta ko za a dace. Ta yi ƙas, ta sake yin ƙas, sai shiru. Tun kafin ya ɗago kai na san ta tafi.

Na shiga gidan maƙwabciyata ko sallamar kirki ban yi ba. Da ta ji, ta dafe kai ta ce ai tun safe ta zuba takardun ofis a ciki.

"Haba maƙwabciya, ai ba tukunya ba ce. Da kin kawo mini shi da kayanki, nauyi zai ƙara mini a jaka?"

Ta ga hawaye na zuba, sai ta daina tsiyar ta riƙe hannuna. Washegari ta kai wa mai gyaran kwamfutocin kamfaninsu, ta tsaya a kansa. Ya ce abin da aka goge yakan dawo in ba a ɗora wani a kansa ba, amma inda takardu suka hau, sai haƙuri. Kwana uku ko tuwon kirki ban iya tuƙawa ba.

Abin da ya dawo guntaye ne. Wani ƙara kawai yake, wani rabin magana. Labarin gonaki da rijiya duk sun tafi. Guda ɗaya ne ya fito lafiya lau, gajere, wanda ƙanena ya naɗa don gwaji ranar farko, ni ban ma taɓa kunna shi ba. Muka zauna mu uku, ni da ƙanena da maƙwabciyata, muka saurara. Aka ji Baba yana gyaran murya, yana tambaya wai abin ya fara ɗauka ne, ko sai ya matso. Sannan ya ɗaga murya:

"Uwata, ɗan kawo mini ruwa, wannan yaron zai sa ni surutu."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Can daga nesa, cikin ƙarar tukwane, sai ga muryata: "To Baba, ga ni nan zuwa."

Ƙanena ya juya fuskarsa bango. Maƙwabciyata ta ce a sake sa shi.

Yanzu wannan 'yar guntuwar tana wayata, tana wayar ƙanena, tana wurin maƙwabciyata ma, ita ta ce a ba ta ajiya tunda ba a yarda da ni ba. Har yau ina tuna labarin rijiyar nan, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba. Tarbiyyar da aka yi mini ba ta da aibu, ni ce na kai ta inda ba a aike ta ba, kuma na ji nauyin yin tambaya guda ɗaya. Ban daina wanke kayan aro ba, sai dai in abin irin wanda ake jonawa ne, nakan tambayi mai shi tukuna.

Amma ku faɗa mini tsakaninku da Allah: da ku ne aka ba ku aron abu fes, za ku iya mayar da shi da tarkacenku a ciki?