Ƙyallayen Goggo Balaraba

Tun ina yarinya, ƙarar keken ɗinkin Goggo Balaraba, ƙanwar babana, ita ke sanar da layinmu a unguwar Sintali, cikin Jalingo, cewa gari ya waye. Keken baƙi ne, na takawa, fentinsa ya goge daidai inda tafin ƙafarta ke zama. Shekara talatin tana ɗinki, ba ta taɓa auna mace sau biyu ba.

Wata ranar damina ta zame a bakin kwata, idon sawunta na hagu ya gurɗe. Mai ɗori ya ɗaure, daga baya hoton asibiti ya nuna ƙashi lafiya lau. Amma ciwon ya ƙi tafiya. Da safe ƙafar ta yi zafi, da yamma ta yi sanyi ƙalau tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Goggo ta ce garwashi take ji a ƙarƙashin fata. Ko bakin zani ya taɓa wurin sai ta yi ƙara.

Mu kuwa sai muka yi wa ƙafar gata. Muka ɗora ta kan matashi, muka kifa mata kwando don kada komai ya taɓa ta. Masu zuwa dubiya suka ce wani abu ta taka. Wata bakwai keken yana lulluɓe, har yayanta, Bappa Saleh, wanda take kira Hamma, ya ce bayan Babbar Sallah zai kai wa 'yarsa shi garin Mutum Biyu, kada ya yi tsatsa. Goggo ta juya fuska bango.

Lokacin na gama jami'a ina jiran bautar ƙasa, ni na raka ta sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar, Sista Margaret, da ta ji labarin kwandon sai ta riƙe baki tana dariya.

"Mama, wane laifi ƙafa ya yi kuka sa shi kurkuku? Ciwo ya warke tuntuni, jijiya ne bai samu labari ba, yana ta ihu."

"'Yar nan, da a ƙafarki yake, da ba ki yi dariya ba."

"Na sani yana zafi, Mama, gaskiya ne. Ki sha maganin likita. Amma ɓoyewa ƙara shi yake. Kullum ki shafa masa abu mai laushi, kaɗan-kaɗan. Akwai madubi a gida?"

Da muka dawo, Goggo ta sa na jawo buhun ƙyallayenta. Ta jera su da kanta: siliki, sai atamfa da ta sha wanki, sai shadda, leshi a ƙarshe. Bayan la'asar nakan zauna a gabanta ina shafa mata, ita kuma ta lumshe ido tana cije leɓe, tana gaya mini mai kowane ƙyalle. Wannan na amaryar Kachalla Sembe ne. Wancan na rigar da ta ɗinka mini ranar sunana ne. Kamar matan Jalingo ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe da ƙafar.

Sai mu tsayar da dogon madubin da masu ɗinki ke duba kansu a tsakanin ƙafafunta, ya ɓoye ta hagun. Da ta dama da hotonta a madubin, sai ta ga ƙafa biyu masu lafiya suna taka keken da babu shi. Takan daɗe tana kallonsu tana murmushi, kamar ta ga wadda ta dawo daga tafiya.

Siliki ya ci mana mako uku. Leshi har yau ba mu kai gare shi ba.

Kwana biyar bayan Sallah Bappa Saleh ya zo da a-kori-kura don ɗaukar keken. Ya tarar da ita a kan keken, gumi a goshinta, ƙafar dama na takawa, ta hagun na biye da ita a hankali. Layi ɗaya ta ɗinka, ta tsaya tana haki.

"Balaraba, kin warke ke nan?"

"Ban warke ba, Hamma. Cire hular nan in gani, bakinta ya warware."

Ya dubi direban, ya ce masa ya tafi. Sannan ya cire hular ya miƙa mata.